Tsofaffin Motocin Jega da Masu Riƙonsu

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Nijeriya ya bi layin dogo da yatsa, har Kano inda ya isa a 1911, sa'an nan ya komo Zariya ya bi reshen da ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya cak a Ƙauran Namoda a 1929, zai ga cewa ƙasar Gwandu da ta Kabi, duk da yalwar fadamunsu da tsufan kasuwanninsu, Turawan mulki ba su shimfiɗa musu ƙarfe ko na taku ɗaya ba. Wannan rashi, wanda a wurin masu mulkin wancan zamani lissafin riba da hasara ne kawai, shi ya sa mutanen Jega da Aliero da Maiyama suka ɗora arzikinsu kacokan a bayan mota, suka naƙalci halinta ciki da waje, har suka iya riƙe ta shekara talatin ko arba'in bayan waɗanda suka ƙera ta sun daina tuna cewa sun taɓa yin irinta.

Jega ba baƙuwar tijara ba ce. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa ta wajen 1820, bayan ƙurar fitinar da ta auku tsakanin mahaifinsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kwanta, ba kuwa nesa da Gimbana ba, garin da harin Gobirawa a kansa ya zama ɗaya daga cikin sabubban hijirar Shehu Usmanu a 1804. Da yake garin yana bakin Gulbin Zamfara, wanda mutanen wajen ke kira Gulbin Gindi, inda kwalekwale ke iya hawowa daga Kwara in ruwa ya cika, sai ya zama mahaɗar fatake, ana sauke goron Gwanja da gishirin Fogha da kanwa da tufafin Kano da na Nupe da dawaki, da kuma bayi, abin da ba shi da daɗin faɗa amma tarihi bai yarda a ɓoye shi ba. Jaki da raƙumi da takarkari su ke ɗaukar wannan kaya, kuma a kewayensu aka gina tsari cikakke na madugu da mai masauki da dillali da la'ada. Sa'ad da mota ta zo, ba ta rushe wannan tsari ba, shiga cikinsa ta yi: zango ya koma tasha, la'ada ta haifi kamasho, mai masauki kuwa yana nan inda yake, sai dai baƙonsa ya daina zuwa da ƙurar wata uku a ƙafarsa.

Da fari mota kayan sarauta ce, ita da alkyabba da laima duk ɗaya. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka mallake ta, talaka kuwa iyakarsa ya matsa gefen hanya ya yi gaisuwa. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, da sojojin da suka je Bama suka dawo, da yawansu sun koyo tuƙi da kwance inji, ga kuma gyaɗa da auduga da fatu suna neman mai kai su bakin jirgi, sai babbar mota ta fito daga hannun En'e da kamfanonin Turawa ta shiga hannun attajirai. Bilhodi ta Ingila, wadda daga baya aka riƙa haɗa ta a Apapa, da 'yan uwanta Austin da Morris, su ne suka fara cin wannan hanya da ta taso daga Ikko ta bi ta Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Koko, ta ratsa Maiyama da Jega da Aliero, ta wuce Tambuwal zuwa Sakkwato. Abin lura a nan shi ne, attajiri ba cikakkiyar mota yake saye ba. Inji da shasi da ƙafafu ake miƙa masa, shi kuwa ya kai wa kafinta ya ɗora mata bodin katako, mai fenti ya zana mata zaki ko dawisu, ya rubuta mata addu'a ko habaici a goshi. Watau tun ranar da ta fara aiki rabinta na Ingila ne, rabinta na gida, kuma daga nan ne aka gaji fahimtar da har yau ba ta gushe ba, cewa mota abu ce da ake ƙarasa ƙirarta a hannun mai ita.

Wanda ya leƙa bayan garejojin da ke gefen hanyar fita Jega zuwa Maiyama yakan iya tarar da ragowar irin waɗannan, an ɗora su a kan duwatsu ƙarƙashin dogon yaro, katakon ya yi fari don rana, awaki sun mai da ƙarƙashinsu wurin hutawa. In yana son ya san shekarun wadda ya gani ba tare da ya tambayi kowa ba, sai ya duba inda sitiyari yake. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama irin na maƙwabtanta, saboda haka babbar motar da sitiyarinta ke dama, galibi ta girmi naira, wadda ita kuma aka fara kashe ta ranar 1 ga Janairu 1973. Da fam da sule aka saye ta. In kuma an yi sa'a lambarta ba ta faɗi ba, aka ga SO a jikinta, to ta shaida zamanin da Jega ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a yanke Jihar Kabi ranar 27 ga Agusta 1991.

Marsandi ce ta kori Bilhodi, kuma a ganina ba a taɓa kawo wa wannan ƙasa motar da ta dace da ita kamar 911 mai guntun hanci ba. Jamusawa sun fara ƙera danginta a 1959, suka ci gaba da yi wa ƙasashen waje ita shekaru da yawa bayan sun daina sayar da ita a gida, kamfanin ANAMMCO na Inugu kuma ya shiga haɗa manyan motocin Marsandi a farkon shekarun 1980. A lissafin masu ƙirar, lambar 9 tana nufin tan tara ne iyakar nauyinta har da kayan da ke kanta, 11 kuwa ƙarfin doki 110. Amma wannan lissafi a takarda ya tsaya, domin babu direban da ya taɓa loda albasar Aliero yana duban abin da Bajamushe ya rubuta. Sai a ƙara mata ganyen sifirin, a ɗaga katakon bodi, a jera buhu kan buhu har ya wuce kan direba, yaran mota su haye can bisa, karen mota yana riƙe da weji a hannu don ya cusa ƙarƙashin taya duk sa'ad da ta tsaya a hawa. Akwai hikima a cikin wannan bodin katako wadda ba kowa ke lura da ita ba. Albasa ba ta son zafi ba ta son rufi, shi ya sa manomi ke adana ta a rudu inda iska ke ratsa ta, kuma ratar da ke tsakanin katako da katako ita ke barin iska ta bi ta cikin buhuna a tafiyar kwana biyu ko uku zuwa Ikko ko Anaca ko Fatakwal. Injinta na gas ba shi da wata na'ura ɓoyayya. Famfo ne da nozul da fistin, abin da bakanike zai kwance da safe a kan tabarma ya mayar kafin la'asar.

Ƙananan motoci kuwa zamaninsu ya zo tare da kuɗin man fetur. Ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata a 1975, a shekarar ne kuma kamfanin Peugeot, watau Fijo, na Kaduna ya fara fitar da mota daga Kakuri, a lokacin da yalwa ta kai ana ɗauko sassanta ta jirgin sama daga Lyon ta Faransa a sauke a Kano. Gwamnati ta kafa irin waɗannan masana'antu a wurare da dama, Volkswagen a Ikko, Leyland a Badun, Steyr a Bauci, na Fiat a Kano, amma babu wadda ta shiga jinin jama'a kamar Fijo. Bayan kisan Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki siyasar tsuke bakin aljihu, ta mai da 504 motar hukuma tun daga shugaban ƙasa har ƙasa, ta haka sai ta zama ita ce motar hakimi da alƙali da sakataren ƙaramar hukuma, doguwarta mai kujera layi uku kuma ta zama motar haya tsakanin Sakkwato da Jega da Yawuri. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, alhali a Faransa an daɗe da rufe babinta. Amma wadda ƙauye ya fi sani ita ce akori-kura, watau 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, domin ita ke shiga inda kwalta ba ta kai ba, ta kwaso gero da dawa da shinkafa da tumaki da masu su gaba ɗaya daga Andarai da Mungadi da Kimba da Sabiyal, ta kawo su ranar kasuwa, ta mai da su da dare.

Da an ci gaba da wannan yalwa, watakila da waɗannan motoci sun mutu da wuri, an maye su da sababbi. Talauci ne ya tsawaita kwanansu. Daga 1986, sa'ad da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa, masana'antun nan suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, kasuwa ta koma ta 'yan Kwatano, watau motocin da Turawan Beljiyam da Jamus suka gama yayinsu, ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano a biyo da su ta Gaya da Kamba, hanyar da ba ta rasa mabiya ba ko bayan hana shigo da mota ta iyakar ƙasa da aka yi a Janairun 2017. Mai tsohuwar Fijo ya duba ya ga ba shi da halin canji, sai ya koma ga bakanike, kuma a wannan zamani ne sana'ar gyara ta kai matsayin da ya cancanci a rubuta tarihinta. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa da maƙwabta wajen ɗorin karaya, ana kawo mata wanda aka ce sai an yanke masa ƙafa ya koma gida yana takawa. To, abin da maɗori ke yi wa ƙashi da kara da tsumma, shi bakaniken wannan yanki ke yi wa ƙarfe da walda da waya. In kafireton Fijo ya gaza a ɗaura na wata mota, in lagireto ya tsage a liƙe shi da dalma, in tankin mai ya ruɓe a ɗaure jarka kusa da direba a zura tiyo, in ƙofa ta ƙi kamawa a sa mata sakata irin ta ɗaki. Abin da ba a samu a Jega ba a aika Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna inda ake zuba ƙarfe a ƙera wanda kamfani ya daina yi.

A nan ne ma'auninmu ya saɓa da na Turai, saɓani kuwa mai nisa. A can, motar da ta shekara talatin takan shiga sahun kayan tarihi, har Jamus ta keɓe wa irinta lamba ta musamman, kuma a Faris ana taron baje kolin tsofaffin motoci mai suna Rétromobile tun 1976. Abin da suke biya kuɗi dominsa shi ne asali: fentin da ta fito da shi, kujerar da ba a sake wa fata ba, lambar inji da ta dace da ta shasi, da ƙarancin tafiya. Wadda aka manta da ita a rumbu shekara arba'in, ƙura ta rufe ta, ita ce abin alfahari. Wadda ta lalace kuwa sai mai sha'awa ya saye ta ya shekara biyar yana mai da ita yadda take ranar da ta bar masana'anta, ba don ya yi haya da ita ba. A watan Mayu na 2022 an yi gwanjon wata Marsandi 300 SLR ƙirar 1955 a birnin Stuttgart a kan Yuro miliyan 135, kuɗin da ba a taɓa sayen mota da shi ba kafin ranar. In an kawo wa dillalin Jega wannan labari, tambayarsa ta farko ita ce buhu nawa take ɗauka. Ba jahilci ba ne ya sa shi tambayar. A wurinsa ƙimar mota amfaninta ne, ajiye dukiya mai yawa haka a ɗaki ana kallo kuwa ya fi kusa da israfi, kuma ban ga malamin da zai ce masa ya yi kuskure ba. Sai dai sakamakon wannan ra'ayi shi ne, tsohuwar motar da ta tsira a wurinmu ba ta tsira da asalinta ba: shasin na 1978 ne, injin na wata ce da ta yi haɗari, akwatin giya daga Kwatano, bodi kuwa an sake shi sau uku.

Cinikin irin wannan mota yana da ladubbansa. Mai saye mai wayo ba ya zuwa da rana tsaka, sammako yake yi bayan sallar asuba tun inji yana da sanyi, domin injin da aka riga aka ɗuma yakan ɓoye ciwonsa. Zai sa a tayar da ita yana tsaye a bayan salansa yana duban launin hayaƙi, ya zaro sandar baƙin mai ya murza tsakanin yatsu ko an zuba mai kauri don a danne ƙarar ƙarfe, ya bi jikin bodi yana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa don ya ji inda aka cike ruɓa da fila aka shafe da fenti, sa'an nan ya durƙusa ya leƙa shasi ya nemi tabon walda. Dillali yana gefe yana cewa, "Alhaji, motag ga lahiyatta lau, ba ta shan baƙin mai, ko Ikko kaka so ka tahi da ita yau sai dai ka sa mai." Alhaji kuwa ba ya ɗaga kai, sai ya ce, "To Malam, in lahiyatta lau, mi as sa mai ita shika son rabuwa da ita?" Daga nan a shiga tayi da albarka, har a kai ga sallamawa a gaban shaidu, a ƙirga la'ada, a miƙa takardun mota da na kwastan.

Mutanen ƙasar Gwandu, inda aka daɗe ana karanta Risala da Muhtasar a zaure, ba su jahilci hukuncin wannan mu'amala ba. Malaman fiƙihun Malikiyya sun haramta algus da ɓoye aibi, sun haramta garari, watau sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, sun kuma hana najashi, wato mutum ya yi tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ɗaga wa wani farashi. Suka kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja in ya tarar da tsohon aibi da aka rufe masa. Matsalar ita ce, motar da ta shekara arba'in aibi ce gaba ɗayanta, in aka ce sai an lissafa kowanne rana za ta faɗi ba a gama ba. Saboda haka masu tsoron Allah daga cikin dillalai sukan faɗi manyan, su ce inji yana son ringi, giya ta uku tana fita, su bar mai saye ya zo da bakanikensa ya ga sauran da idonsa. Waɗanda ba su da wannan tsoro kuma, alƙalan yankin sun san su.

Akwai kuma masu sayen wadda ta riga ta kwanta da niyyar tashe ta, galibi direban da ya gaji da tuƙa ta wani, ya tara ɗan abin da ya tara, ya sayi gangar jiki a rahusa ya kai gareji, yau ya kawo taya biyu, bayan kaka ya kawo batir, yana jiran ranar da zai zama maigidan kansa. Waɗansu sukan kai ga gaci, a ga motar ta fito da sabon fenti an rubuta mata godiya ga Allah a goshi. Da yawa kuwa kuɗin kan ƙare a tsakiya, aure ko rashin lafiya ya cinye na injin, motar ta zauna a kan duwatsu, bakanike ya riƙa zarar kusa yau, fitila gobe, yana gyara ta wasu da ita.

Abubuwa biyu ne a yau ke ƙarar da ragowar, kuma tsatsa ba ta cikinsu, domin busasshiyar iskar wannan yanki tana tausaya wa ƙarfe. Na ɗaya tsadar mai: tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, akori-kura mai tsohon kafireto ta zama ba ta mayar da kuɗin da take sha, motar Kanta da keke mai ƙafa uku suka karɓe mata ƙananan lodi, kamar yadda tirelolin DAF suka riga suka karɓe wa 911 doguwar hanya. Na biyu, wanda ba a cika ambatonsa ba, rabon gado ne. Alhaji yakan bar tsohuwar motarsa a ƙofar gida don ita ce mafarin arzikinsa, ba ya sayarwa ko an taya, amma ranar da ya cika ta zama tarika, haƙƙin mata da 'ya'ya maza da mata har da na goye, kuma mota ba ta rabuwa tumuni da sudusi sai an mai da ita kuɗi. Ba kasafai ake samun magaji ɗaya da zai fanshi rabon sauran don ya ajiye abin da ba ya kawo ko sisi ba. Sai a kira masu kimantawa, a sanar da dillalai, kuma waɗanda kan zo mutum uku ne: bakanike mai son inji da akwatin giya, mai amalanken shanu da ke son gatarin baya da ƙafafunsa, da ɗan gwangwan wanda ya zo da sikeli da mai yankan ƙarfe, yana saye da kilo don ya loda wa masana'antun narka ƙarfe na Ikko da Ogun. Mafi yawan lokaci tayin na ukun ne ke rinjaya, domin shi kaɗai ke ɗaukar ta duka, kuma a take yake biya.